Gyaran Furucin Turanci ga Ma'aikata a Arewacin Zamfara

Turanci shi ne harshen ofis a Najeriya, kuma ma'aikacin da ke Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi yana buƙatarsa, ko da kuwa daga gidansa har ƙofar wurin aikinsa Hausa kaɗai yake ji. Takardar da ke zuwa daga Gusau ko Abuja da Turanci take zuwa, da shi ake mayar da rahoto, da shi ake bita, da shi ake intabiyu na ɗaukar aiki da na ƙarin girma. Da yawa daga cikin ma'aikatan yankin suna karanta Turanci su gane, su rubuta wasiƙa tsaf, amma da zarar an zo magana baki da baki ko ta waya sai a yi ta cewa su maimaita. Galibi matsalar ta furuci ce, wato yadda baki ke fitar da sautukan harshen, kuma an san sanadinta an san hanyar gyara ta.

Inda ake buƙatar Turancin baka

Cuɗanyar yankin da masu wasu harsuna ta daɗe. Tun 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda, ya kawo akawuna da ma'aikatan reluwe da masu sayen gyaɗa da auduga daga kudu. A 1983 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin, inda malamai da ɗalibai daga sassan ƙasa ke haɗuwa a aji ɗaya. Shirin bautar ƙasa da aka fara a 1973 yana turo matasa daga wasu jihohi zuwa makarantu da asibitoci. A Shinkafi da Zurmi kuma ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a asibitoci, inda ma'aikatan jinya 'yan gari ke aiki tare da likitoci daga ƙasashe daban-daban.

Abin lura shi ne da wuya abokin maganar ya kasance Baturen Ingila. Yawanci Bayarabe ne, ko Ibo, ko ɗan wata ƙasar Afirka, ko Bafaranshe, wanda shi ma koyon Turancin ya yi kuma yana da nasa karin. Saboda haka abin da ma'aikaci ke nema shi ne a fahimce shi a faɗa ɗaya, shi ma ya fahimci na gabansa. Kwaikwayon muryar mutanen Landan wani buri ne dabam wanda aikin yau da kullum bai dogara da shi ba.

Baƙaƙen da Hausa ba ta da su

Daidaitaccen Turancin Ingila yana da sautuka 44: baƙaƙe 24 da wasula 20. Yawancin baƙaƙen akwai su a Hausa. Kaɗan ne babu, kuma su ke jawo surutu.

Na farko su ne p da f. Hausa tana da sauti ɗaya a inda Turanci ke da biyu. Bahaushe yana furta f ɗinsa da leɓɓa biyu, ya matso da su kusa iska ta ratsa, wani lokaci ma su haɗe ya fito kamar p. Shi ya sa kalmomin aro masu p suka koma f: fensir, famfo, fasinja, firamare, fakiti. A karin harshen yamma, wato na Sakkwato da Zamfara, sautin ma kan koma hw ko h, a ce hwara da tahi da hita a inda Bakano zai ce fara da tafi da fita. A Turanci kuwa p leɓɓa biyu ne ke rufewa ruf su buɗe da fashewar iska, f kuma haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Wanda bai raba su ba zai haɗa "copy" da "coffee", da "pull" da "full", da "pill" da "fill". Wani kuma garin gyara sai ya wuce gona da iri, ya mayar da kowane f ya zama p.

Na biyu v ne, wanda Hausa ke mayarwa b, kamar yadda ake gani a direba, biza, bidiyo da talabijin. A nan ne "vote" ke rikiɗewa ya zama "boat", "van" ya zama "ban".

Na uku sautuka biyu ne da ake rubutawa da th, ɗaya a "think" ɗaya a "this". Mutanen kudu kan musanya su da t da d, Bahaushe kuma da s da z. Dabi'ar ta girmi zuwan Turawa, domin haka Hausa ta yi wa haruffan Larabci ث da ذ a kalmomi irin su Usman, hadisi, misali, zikiri da izini.

Wasula da ginin gaɓa

Hausa tana da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo, sai tagwayen wasula kamar ai da au. Wannan gata ne ga mai koyo, domin kunnen da ke raba gari na zama da garin tuwo ya riga ya san tsawon wasali yana canza ma'ana. Sai dai akwai tarko. A Hausa dogon wasali ba ya zama a gaɓar da ta ƙare da baƙi: a na ƙarshen riga dogo ne, amma da an ce rigar sai ya gajarce. Baki kan ɗauki wannan doka ya kai ta Turanci, sai "seat" ya zama "sit", "leave" ya zama "live". Tsakanin cewa ma'aikaci zai bar gari da cewa zai zauna a garin, tsawon wasali ɗaya ne kawai. Haka kuma wasula huɗu na "hat", "hut", "heart" da "hurt" kan narke su zama a guda ɗaya, alhali a asibiti ciwon zuciya dabam, jin rauni dabam.

Ginin gaɓa ma ya bambanta. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, don haka ake soka wasali a tsakani: burodi, birki, gilashi, sito, fursuna. Turanci kuwa yana jera baƙaƙe uku a farkon kalma, kamar a "street", har huɗu a ƙarshe, kamar a "texts". Mai magana ko dai ya ƙara wasali, ko ya yar da baƙin ƙarshe. Yar da baƙin ya fi ɓarna, domin a nan Turanci ke ajiye alamar jam'i da ta shuɗaɗɗen lokaci. Idan s ɗin "tablets" ya faɗi, ƙwayoyi sun koma ƙwaya ɗaya. Idan ƙarshen "checked" ya faɗi, ba a san ko an duba ba ko umarni ake bayarwa a duba.

Nauyin gaɓa

Hausa harshe ne mai karin sauti: hawa da saukar murya, tare da tsawon wasali, su ke raba fara ta launi da fara ta ƙwaro da fara ta soma aiki. Turanci wata hanya yake bi. A kowace kalma mai gaɓa biyu ko fiye akwai gaɓa ɗaya da ake dannawa, ta fi sauran ƙarfi da tsawo, sauran kuma a sassauta su har wasalinsu ya kusa ɓacewa. Da wannan gaɓar mai sauraro ke gane kalmar. A "hospital" ta farko ake dannawa, a "committee" da "develop" ta biyu. Kalmar "record" idan suna ce nauyin a farko yake, idan aikatau ce a ƙarshe. Wanda ya ba kowace gaɓa ƙarfi ɗaya, ko ya ɗora nauyin inda ba muhallinsa ba, yana iya furta kowane baƙi daidai amma a kasa gane shi.

Bincike ya tabbatar da haka tun da daɗewa. A 1974 Brian Tiffen ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Landan da nazarin yadda Turawan Ingila ke fahimtar Turancin ɗaliban jami'a Hausawa da Yarabawa. Ya gano cewa kuskuren nauyin gaɓa da tafiyar jimla shi ne kan gaba wajen hana fahimta, ya ma fi kuskuren baƙi da wasali.

Rubutu na ƙara dagula lamarin. A boko abin da aka rubuta shi ake karantawa, don haka wanda ya saba da shi yakan furta kowane harafi. Turanci kuwa cike yake da haruffan da ba a furtawa: b a "debt" da "plumber", p a "receipt", t a "listen", d na farko a "Wednesday". Harafi ɗaya sau biyu a jere, wanda a Hausa ke raba baba da babba, a Turanci sauti ɗaya ne, kamar a "letter" da "summer".

Dalilin da makaranta ba ta gama aikin ba

Akwai lokacin da Arewa ta yi suna da tsabtar Turancin baka. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a hukumance a 1922, ɗalibanta kaɗan ne, malamanta na Turanci Turawan Ingila ne, kuma suna ba furuci muhimmanci. Daga cikinta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito, har aka yi wa Tafawa Ɓalewa laƙabi da mai muryar zinariya. Farfesa Munzali Jibril, a nazarinsa na digiri na uku a Jami'ar Lancaster a 1982, ya nuna cewa Turancin Hausawa yana da kamanninsa dabam da na mutanen kudu. Wasu wasulan ma, kamar na "cup" da "teacher", furucin Bahaushe ya fi kusa da na Ingila.

Da aka faɗaɗa ilimin firamare kyauta a 1976, yara suka ƙaru ninkin ba ninkin, aka horar da malamai cikin gaggawa, aji ya cika ta yadda malami ba zai iya sauraron bakin kowane yaro ba. Tsarin jarrabawa ma bai taimaka ba. Takardar furuci ta WAEC tambayoyi 60 ne na zaɓi. Ɗalibi na iya cinye su duka ba tare da ya buɗe baki ba, domin haddace alamomin sauti ya yi, harshensa bai motsa ba. A garuruwan da Hausa ta wadatar da kowa a kasuwa da masallaci da tasha, Turancin baka ba ya samun wurin motsa jiki bayan an tashi daga makaranta.

Abin da za a fara gyarawa

Ba kowane bambanci ne ke hana fahimta ba. A 2000 Jennifer Jenkins, wata masaniyar harshe a Ingila, ta wallafa littafi kan furucin Turanci tsakanin mutanen da duk koyonsa suka yi. Ta nuna cewa abubuwan da suka fi muhimmanci su ne yawancin baƙaƙe, da jerin baƙaƙe musamman a farkon kalma, da tsawon wasali, da kalmar da ake dannawa a cikin jimla. Sautukan th ba ta sa su cikin na dole ba, domin mai sauraro kan gane ko an musanya su.

Ga Bahaushe ke nan, jerin aikin ya fito: p da f da v da farko, sai ƙarshen kalma, sai dogon wasali a gaɓa rufaffiya, sai nauyin gaɓa a kalmomin da yake amfani da su kullum. Gyaran th yana iya biyo baya, sai a kalmomin da ke rikicewa da wasu, kamar "thick" da "sick", ko "think" da "sink".

Yadda ake horar da baki

Hanyar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya yi tajwidi a Islamiyya ya san makharijul huruf: malami ya furta harafi, ya nuna gurbinsa a baki, ɗalibi ya maimaita har ya zauna. Gyaran furucin Turanci haka yake tafiya, kuma wanda ya gyara karatunsa na Alƙur'ani ya riga ya mallaki sautuka uku daga cikin masu wuyar. Harafin ث shi ne th na "think", ذ shi ne na "this", ف kuma da haƙori da leɓe ake fitar da shi kamar f na Turanci. Abin da ya rage shi ne ɗauko su daga karatu zuwa magana. Saura p da v, waɗanda Larabci ma ba shi da su.

Matakin farko shi ne gano gurbin ciwon. Mutum ya ɗauki muryarsa a waya yana karanta shafi ɗaya, sannan yana bayanin aikinsa da ka, ya ba wanda ba ya jin Hausa ya nuna wuraren da suka shige masa duhu. Ɗan'uwa Bahaushe ba zai yi wannan aikin da kyau ba, domin kunnensa ya saba, yana cike giɓin da kansa.

Na biyu horar da kunne ne. Sautin da kunne bai raba ba baki ba zai raba shi ba. Wani ya riƙa furta "pan" ko "fan", "best" ko "vest", mai koyo yana nuna wadda ya ji, har sai ya daina kuskure.

Na uku gurbin furuci ne, kuma madubi da ƙyallen takarda sun isa. A gaban madubi, idan f ake furtawa dole a ga haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, kuma ana iya jan sautin muddin akwai numfashi. Idan p ne leɓɓa su rufe, haƙori bai fito ba, kuma takardar da aka riƙe a gaban baki ta yi tsalle da fitar iska. Ga v, baki yana yadda yake a f, sai a ɗora yatsu a maƙogwaro a ji yana kaɗawa. Ga jerin baƙaƙe, a ja s ɗin farkon "store" kamar hucin maciji, a faɗa kan t ba tare da an bar wasali ya kutsa ba.

Na huɗu kalmomin sana'a ne. Ma'aikaciyar jinya ta jera nata: "fever", "pulse", "blood pressure", "referral", "vaccine". Ma'aikacin banki ya jera "deposit", "transfer", "verify", "profile". Malamin makaranta da na ƙaramar hukuma kowa da nasa. A duba kowace kalma a ƙamus mai murya, kamar na Oxford ko Cambridge da ake sawa a waya, a ja layi ƙarƙashin gaɓar da ake dannawa, a riƙa tafa hannu a kanta yayin furtawa. Kalmomi hamsin da mutum ke faɗa kullum sun fi masa amfani a kan dubu da ba zai taɓa buƙata ba.

Na biyar bin sawun mai magana ne: a kunna labaran Turanci na Rediyon Najeriya ko darussan BBC Learning English, a saurari jimla, a tsayar, a maimaita da irin tafiyarta. Gara a sauke darussan a ajiye a waya, domin sabis ba shi da tabbas a yankin, an ma taɓa rufe layukan waya a jihar baki ɗaya a watan Satumba na 2021. Minti goma ko sha biyar a kullum ya fi sa'o'i uku a rana ɗaya, tunda tsokar leɓe da harshe ake sabarwa. Abokan aiki uku ko huɗu kuma suna iya ware wani lokaci a mako su yi magana da Turanci zalla, kowa na gyara wa ɗan'uwansa.

Dabarun wurin aiki

Kafin baki ya gama faɗawa, akwai dabarun da ke hana kuskure. Babba ita ce rage gudu. Mai fargaba yakan yi sauri don ya gama ya huta, saurin kuma shi ke cinye ƙarshen kalmomi. Gajerun jimloli da ɗan tsayawa tsakaninsu sun fi dogon zance mai cike da manyan kalmomi.

Lambobi na buƙatar kulawa ta musamman. Tsakanin "fifteen" da "fifty", ko "thirteen" da "thirty", bambancin ƙanƙane ne, a waya ma yakan ɓace, alhali a ma'aunin magani ko lissafin kuɗi 15 da 50 ba ɗaya ba ne. Ƙa'ida ita ce a faɗi adadin, a bi shi da lambobinsa ɗaya bayan ɗaya, wanda aka faɗa wa kuma ya maimaita. Wajen jero haruffan suna ko lambar takarda, a haɗa harafi da sunan da kowa ya sani: P na Potiskum, F na Funtuwa, B na Bauchi, V na Victoria. Duk maganar da ta shafi kuɗi ko magani ko ranar taro, a bi ta da saƙon tes ko na WhatsApp. Idan kuma mutum ne bai gane na gabansa ba, ya ce a maimaita ko ya faɗi abin da ya fahimta a tabbatar masa. Gyaɗa kai a kan abin da ba a ji ba shi ke haifar da ɓarna daga baya.

Kunya da tsoron dariya

Abin da ke rufe bakin ma'aikata da yawa tsoro ne. Masu barkwanci a kudu sun mayar da p da f na Bahaushe abin wasa, a gida kuma wanda ya gyara furucinsa a kan ce yana iyayi ko yana karya harshe. Tsakanin waɗannan biyun, mai ilimi kan yi gum a taro, wanda bai kai shi sanin aiki ba ya karɓe magana. Gaskiyar ita ce kowace al'umma da inda harshenta ke tuntuɓe: wasu Yarabawa kan yar da h a farkon kalma, wasu Ibo kan musanya r da l, Faransawa da Jamusawa kan furta th kamar yadda Bahaushe ke yi. Turancin Najeriya kansa ya samu karɓuwa, har babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmominsa 29 a watan Janairu na 2020, ciki har da Kannywood. Mai horarwa nagari yakan bar mutum ya gama maganarsa, sannan ya gyara abu ɗaya ko biyu a keɓe, domin gyara a gaban jama'a shiru yake ƙarawa.

Masu neman aiki ko karatu a waje

Ga wanda zai fita waje, akwai jarrabawar da ake buɗe baki a cikinta. IELTS tana da sassa huɗu: sauraro, karatu, rubutu da magana. Sashen magana minti 11 zuwa 14 ne tare da mai jarrabawa, kuma furuci ɗaya ne daga cikin ma'aunai huɗu masu daraja ɗaya, tare da gudanar magana, da yalwar kalmomi, da nahawu. Hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya tana neman maki 7 a sashen magana. Ma'aikatan lafiya suna da zaɓin OET, inda ake kwaikwayon zance tsakanin ma'aikaci da majiyyaci. A duka biyun ba a rage wa mutum maki don an ji daga inda ya fito. Abin dubawa shi ne ko ana gane shi ba tare da wahala ba.

Gyaran da ya fi ɗorewa kuwa na malaman firamare da na ƙaramar sakandare ne, domin daga bakinsu yaran Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ke fara jin Turanci. Malamin da ya raba p da f, ya kiyaye ƙarshen kalma, ya san inda nauyin gaɓa yake, ajinsa duka zai tashi da hakan, kuma gyaran harshen yaro ya fi na babba sauƙi nesa ba kusa ba.